Had disk na saba da na kwamfutar aiki mai nauyi: tambayoyi da amsoshi kafin ka zuba kuɗinka

Masu editin bidiyo, masu kula da saba a ofis ko makaranta ko asibiti, da masu haɗa NAS (akwatin disk da ake ajiyar fayil a kansa ta netwok) a gida, in an zo maganar had disk kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne. Ga su nan yadda ake yinsu, wata amsar gajeriya ce, wata kuma dole sai an ɗan ja ta.

Malam wane had disk ne ya fi kowanne gudu? Shi nake so in saka a kwamfutar aikina

In dai gudu kake nema tsagwaronsa toh ka bar maganar had disk, SSD za ka saya, wato ma'ajiyar lantarki zalla da ba abin da ke juyawa a cikinta, wannan an gama ta tuntuni. Had disk faifai ne yake juyawa a ciki, ga allura a bakin wani ɗan hannu tana kai da komo tana neman inda aka rubuta abu, duk ƙoƙarin mai juyi 7200 a minti bai fi ya biya ƙananan buƙatu 80 zuwa 100 a daƙiƙa ba in a warwatse suke, shi kuwa SSD mai bakin jonawa na SATA dubbai yake yi, nau'in NVMe har ɗaruruwan dubbai. Shi ya sa in ka ɗora Windows ko databes a kan had disk za ka ga komai na jan ƙafa ko da furosesarka ta kai ta kawo.

Inda had disk ke da bakin magana har yau shi ne girma da araha. Babban fayil da aka rubuta a jere, irin bidiyo ko bakof, manyan disk na yanzu suna karanta shi 250MB zuwa 280MB a daƙiƙa, kuma in ka raba kuɗin da yawan terabait za ka ga SSD bai ma kama ƙafarsa ba. Don haka in an ce had disk mai ƙarfi a yau, abin da ake nufi shi ne wanda zai kwana ya wuni yana aiki shekara biyar cikin zafi da girgizar 'yan uwansa bai gaza ba, kuma ya ɗauki kaya mai yawa. A kan wannan ma'aunin za ka zaɓa.

Na ga SAS 15K da 10K da araha sosai, an ce na saba ne, in kwasa?

A zamaninsu su ne sarakai, gaskiya. Seagate ya fito da Cheetah mai juyi 15,000 a shekarar 2000, Western Digital kuma ya kawo Raptor mai 10,000 a 2003 don masu kwamfutar tebur, daga baya VelociRaptor. Dalilin gudun nasu lissafi ne mai sauƙi: a mai 7200 allura tana jiran faifai ya juyo mata da wurin da take nema kamar milisakan 4.2, a 10K milisakan 3, a 15K kuma 2. Lokacin da babu SSD wannan bambancin kuɗi ne, bankuna suna jera su da yawa don kawai databes ta yi sauri.

Yanzu fa? 15K a 900GB ya tsaya, 10K a 2.4TB, kuma yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa 146GB ne da 300GB da 600GB da aka zaro daga sabobin da suka gama aikinsu a Turai ko Amurka. Ga zafi, ga ƙara, ga shan wuta, ga tsufa. SSD ɗaya na saba mai 960GB zai tsere wa guda takwas ɗinsu a haɗe. Wuri ɗaya nake ganin dacewarsu, in kana da tsohuwar saba da take kan RAID (haɗa disk da yawa su yi aiki kamar guda) na irinsu ɗaya ya mutu kana neman madadi, ko kana koyon aikin saba ne kana son abin gwaji mai araha. Ban da haka ka bar wa mai shago kayansa.

To 5400 da 7200 fa, akwai bambanci sosai?

Akwai amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Na saba kusan duk 7200 ne dama. Mai 5400 ya fi sanyi da shiru da rashin shan wuta, ya dace da NAS na gida mai disk biyu ko huɗu. Kuma ba juyi kaɗai ke kawo sauri ba, cunkoson bayanai a kan faifai ma yana kawowa, shi ya sa 18TB mai 7200 zai wuce tsohon 15K mai 600GB wajen kwafar babban fayil.

Mene ne bambancin na kwamfutar gida da na saba? Ba duk 4TB ba ne?

Girman ne ɗaya kawai. Na farko akwai yawan aikin da kamfani ya ce disk ɗin zai iya ɗauka a shekara, karatu da rubutu a haɗe: na gida irin Seagate BarraCuda 55TB ne, na NAS irin IronWolf da WD Red Plus 180TB, na saba irin Exos da Ultrastar da WD Gold da Toshiba MG 550TB. Kar ka ce ai ni ba na rubuta 55TB, sabar da take bin babban disk tana duba lafiyar bayanai duk wata kaɗai ta isa ta cinye wannan adadin.

Na biyu girgiza. In ka jera disk takwas ko sha biyu a akwati ɗaya kowanne yana girgiza na kusa da shi, allura ta riƙa kauce wa layi tana sake nema, sauri ya faɗi. Na saba suna da na'urar jin girgiza da take gyara wa allura zama, na gida yawanci babu.

Na uku shi ne wanda ya fi cizon mutane. In disk na gida ya ci karo da wurin da ya ƙi karantuwa sai ya nace yana ta gwadawa, wani sa'in har fiye da rabin minti, katin RAID kuma ba shi da wannan haƙurin, sai ya ɗauka disk ɗin ya mutu ya fitar da shi daga layi alhali lafiyarsa lau. Na saba da na NAS daƙiƙa 7 suke yi su haƙura su faɗa wa katin, shi kuma ya ɗauko bayanin daga sauran. WD na kiran abin TLER, Seagate na ce masa ERC.

Sai waranti, na gida shekara 2, na NAS 3, na saba 5. Illar na saba ɗaya ce da ba a cika faɗa ba, ƙara. Exos da Ultrastar suna da ƙwanƙwasa da gurnani, in a ɗakin da ake ɗaukar murya za ka ajiye kwamfutar toh makirfo zai ji, gara a kai akwatin wani ɗaki a jawo waya.

An rubuta MTBF, wato matsakaicin lokaci kafin lalacewa, awa miliyan 2.5, kenan ba zai taɓa mutuwa ba?

In ka raba awa miliyan 2.5 da awa 8,760 na shekara zai ba ka shekara 285, ka ga ai ba haka ake nufi ba. Lissafin taro ne: in aka kunna dubu ɗaya tare, ana sa ran uku ko huɗu su mutu a shekara, a cikin shekarun waranti, a ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya. Kamfanin Backblaze na Amurka da ke fitar da alƙaluman disk ɗinsa tun 2013, abin da yake gani a zahiri yawanci tsakanin kashi 1 ne zuwa 2 cikin ɗari a shekara. Naka zai iya faɗawa ciki a watan farko.

Ina jin ana CMR, SMR, mene ne su kuma?

Wannan ka riƙe shi da kyau don ya fi maganar juyi muhimmanci. A CMR kowane layin rubutu yana zaune shi kaɗai kusa da ɗan uwansa. A SMR kuma an ɗora gefen kowane layi a kan na baya kamar yadda ake jera kwanon rufi, don a samu ƙarin wuri, toh in kana son canja kwano ɗaya a tsakiya ai sai ka ɗaga waɗanda suka hau kansa. Haka disk ɗin yake yi, in zai gyara ƙaramin abu sai ya sake rubuta babban yanki. Yana da ɗan wurin ajiyar wucin gadi da yake ɓoye wannan aibin, shi ya sa da farko za ka ga kwafi na tafiya da kyau, can bayan an zuba kaya da yawa sai saurin ya rikito ƙasa, wani lokaci ya tsaya cak na ɗan lokaci sannan ya ci gaba.

A 2020 aka yi ta surutu da aka gano WD ya saka SMR a WD Red daga 2TB zuwa 6TB ba tare da ya rubuta ba, masu NAS suka riƙa ganin sake gina RAID yana ɗaukar kwanaki ko ma ya gaza, bayan nan ne kamfanin ya ware sunan Red Plus ya zama na CMR. Har yau tsofaffin suna kasuwa, don haka ka duba lambar model a jikin sitika: WD40EFAX SMR ne, WD40EFRX CMR ne. BarraCuda na tebur ma da yawansu SMR ne. Ka buga lambar model ɗin a intanet kafin ka biya, minti ɗaya ne. SMR ba laifi in ajiyar hotuna ce da za a zuba sau ɗaya a manta, amma kar ya shiga RAID, kar ya shiga tsarin ajiyar fayil na ZFS, kar ka yi editin a kansa.

SAS ko SATA?

A manyan disk masu 7200 injin ciki kusan ɗaya ne, allon lantarkin ne ya bambanta. SATA 6Gb ne a daƙiƙa, wato kusan 600MB, SAS 12Gb, amma tunda disk ɗin kansa bai kai 300MB ba duk biyun hanyar ta yi masa yawa, don haka SAS ba zai ƙara maka saurin kwafi ba. Amfanin SAS ƙofa biyu gare shi, kati biyu za su iya riƙe disk ɗaya in ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba, kuma ya fi iya jera buƙatu masu yawa. Wannan na manyan cibiyoyin data ne.

Abin da ya shafe ka kai tsaye: katin SAS yana karɓar disk na SATA, amma ramin SATA na madabod ba ya karɓar disk na SAS, bakin ma ba zai shiga ba, kuma ɗan adaftan da ake sayarwa ba ya mayar da shi SATA. In Dell PowerEdge R730 ce ko HP ProLiant DL380 Gen9 ba matsala, suna da katin. In HP Z440 ce ko Dell Precision T5810 toh ka tsaya a SATA, ko ka sayi kati irin LSI 9300-8i da kebul ɗinsa. Kuma ka tuna kwandon da ake zura disk a gaban saba daban ake sayensa, na Dell ba ya shiga HP, na 2.5 ba ya ɗaukar 3.5, ka leƙa gaban sabarka tukuna. Wasu sabobin HP kuma in suka ga disk ɗin da ba su gane ba sai fankoki su tashi kamar za su tsinke, ba lalacewa ba ce, zafin disk ɗin ne ba su iya karantawa.

Wane kamfani ya fi?

Uku ne suka rage a duniya, Seagate, Western Digital da Toshiba. Maxtor ya shige Seagate a 2006, sashen had disk na Samsung ya bi shi a 2011, HGST ya koma hannun WD a 2012, sunan Ultrastar daga can ya gado. Duk disk mai sitikar Dell ko HP ko Lenovo ɗaya daga cikin waɗannan ne ya ƙera. Kowannensu ya taɓa fitar da model mai kyau da mara kyau, shi ya sa ni ba na rantsuwa da sunan kamfani. Exos X18, Ultrastar DC HC550, Toshiba MG09, duk aji ɗaya ne, wanda ka samu da takarda mai kyau da farashi mai kyau shi ne naka. Manyan, daga 14TB zuwa sama, kusan duk iskar hiliyam ce a ciki an like su ruf, HGST ya fara wannan a 2013 da 6TB, sun fi sanyi kuma sun fi rashin shan wuta.

Tokunbo fa? Kuɗin sabo ya fi ƙarfina

Yawancinmu shi muke saya, ba abin kunya ba ne, amma da ido buɗe. Kar ka yarda da an jona maka an ce ga shi ya hau, ka ce a buɗe CrystalDiskInfo ko Hard Disk Sentinel a gabanka, in Linux ne smartctl. Ga abin da za ka kalla a SMART, wato rahoton lafiyar da disk ke ajiyewa game da kansa. Lamba 9 awannin da ya yi a kunne ne, awa 40,000 shekara huɗu da rabi kenan ba hutu. Lamba 5 wuraren da suka lalace aka sauya musu gurbi, 197 waɗanda ake zargi ana jira a gani, 198 waɗanda suka ƙi gyaruwa, sai 187 a na Seagate. Waɗannan huɗun sifili nake so in gani. In mai shago ya ce ai guda takwas ne kacal ba komai, ka ce masa na gode. Binciken da Google ya fitar a 2007 a kan disk fiye da 100,000 ya nuna wanda ya fara nuna kuskuren karatu sau ɗaya, yiwuwar ya mutu cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Na SAS ba ya nuna waɗannan lambobin, nasa layin da aka rubuta grown defect list za ka nema, shi ma sifili. Kuma in disk yana bayan katin RAID sau da yawa CrystalDiskInfo ba ya ganinsa, sai ta shafin kula da saba, iDRAC a Dell ko iLO a HP, ko smartctl da umarnin katin.

Sannan ka kasa kunne. Ka ɗora yatsa a kansa lokacin da yake tashi, lafiyayye zai yi zuuu ya daidaita, ya ɗan yi ƙaras ƙaras ya yi shiru. Wanda yake tashi ya sauka ya sake tashi, ko yake ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere kamar ana ƙirga, ajiye shi. Ka juya shi ka duba kusurwoyi, in akwai lotsawa ya taɓa faɗuwa.

Gwajin shago bai isa ba. Ka nemi a ba ka kwana uku zuwa mako na maidowa, a rubuta lambar siriyal a rasit, ka je gida ka yi masa cikakken fomatin ba mai sauri ba, ko badblocks, wanda zai taɓa kowane lungu na faifan. A 16TB wannan zai ci kwana guda cur ko fiye. Bayan ya gama ka sake duba lambobin nan, in sun motsa ka mayar. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan sharaɗin ba.

An ce min sabo ne dal a leda, awa sifili. Shikenan ko?

Ba lallai ba. Ana iya goge awannin SMART a mayar da su sifili, a sake like leda. A farkon 2025 mujallar kwamfuta ta Heise a Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar da tsofaffin Seagate Exos a matsayin sababbi a ƙasashe da dama, wasu sun yi awa dubbai masu yawa suna aiki, kuma ba kamfanin ne ya yi ba, 'yan tsakiya ne. Abin da ya tona asirin wani kundi ne na biyu da disk ɗin Seagate ke ajiyewa mai suna FARM, ana karanta shi da smartctl daga 7.4 zuwa sama, sai ka ga SMART na cewa awa 3 shi kuma yana cewa 25,000. Ka kuma duba ranar ƙira a sitika, ka saka siriyal a shafin waranti na kamfanin. In ya ce an sayar da shi ne a matsayin ɓangaren wata na'ura, toh warantinka a hannun mai shago kaɗai yake, ka san da haka kafin ku yi ciniki.

Na jona shi bai ko motsa ba, ko ya hau amma ya ƙi fomatin. Ya mutu ne?

Dakata kafin ka koma ka yi faɗa, abu uku ne suka fi kawo wannan. Wasu disk na saba suna amfani da fil na uku a bakin wutar SATA a matsayin makunnin kashewa, in fawa fak ɗinka yana tura 3.3V ta nan disk ɗin zai zauna shiru kamar gawa. Maganinsa ka rufe fil ɗin da ɗan siririn tef mai jure zafi, ko ka ba shi wuta ta adaftan Molex mai kyau. Na biyu, waɗanda aka zaro daga akwatunan NetApp ko EMC sau da yawa sektarsu bait 520 ce maimakon 512, Windows ba ya ganewa, sai an sake yanka shi da sg_format a Linux ta katin SAS, yana ɗaukar awanni kuma kar wuta ta ɗauke a tsakiya. Na uku tsohon kati, PERC 6/i alal misali ba ya ganin sama da 2TB, kuma disk mai 4Kn (sekta mai bait 4,096) tsofaffin katuna ba sa karɓarsa, in kana shakka sayi 512e, wanda yake nuna kansa kamar mai 512. In kuma Windows ne ya nuna maka 2TB kaɗai, tsohon tsarin rabon disk na MBR aka yi masa, mayar da shi sabon tsari GPT.

Na sayi 20TB na ga 18.1, an cuce ni?

A'a. Kamfani da dubu yake ƙirga, Windows da 1024. 4TB zai nuna 3.63.

WD Purple na CCTV yana da araha kuma an ce dare da rana yake aiki, in saka a saba?

An gina shi ne don kyamarori su yi ta zuba masa rubutu a jere, karatu jefi jefi. Shi da SkyHawk ka bar su a DVR. In ya zama dole zai yi ajiyar bakof, amma ban da sabar da mutane ashirin ke buɗe fayil a kanta.

Kash 256MB da 512MB fa?

Kash 'yar ƙwaƙwalwar wucin gadi ce a jikin disk, kuma da wuya ka ji bambancin a aiki. Kar ka ƙara ko sisi saboda shi.

Disk nawa zan saya, kuma wane RAID?

Ka fara da wannan lissafin: disk 20TB in ya mutu ka saka sabo, ko da ana rubuta masa 250MB a daƙiƙa ba tsayawa sai ya ci awa 22 kafin ya cika, a zahiri kuma da mutane na aiki a kan sabar kwana biyu ko uku ne. Duk tsawon wannan lokacin sauran disk ɗin, waɗanda sa'anninsa ne tare aka kunna su, ana karanta su daga farko har ƙarshe, in RAID 5 ne wani ya sake faɗuwa komai ya tafi. Shi ya sa da manyan disk RAID 6 nake ba da shawara, ko RAIDZ2 in manhajar TrueNAS kake amfani da ita, biyu za su iya mutuwa kaya na nan. In databes ce ko kwamfutocin bogi da ake gudanarwa a cikin saba, RAID 10 ya fi saurin rubutu, amma rabin wurin ya tafi. Disk biyu kawai gare ka? RAID 1, shikenan. TrueNAS kuma yana son ya ga disk kai tsaye, kati mara RAID za ka ba shi.

In da hali kar ka sayi dukkansu daga kwali ɗaya rana ɗaya, kuma ka ajiye guda ɗaya a durowa, don ranar da ɗaya ya mutu ba ranar fara neman dila a Legas ba ce. Sannan RAID ba ya hana wani ya goge folda bisa kuskure, ba ya hana ƙwayar da ke kulle fayil ta nemi kuɗin fansa, ba ya hana gobara ko ɓarawo. Kwafi na daban a wani gini dole ne.

Ni editin nake yi, aure da finafinai, yaya zan tsara?

NVMe ɗaya na Windows da manhajoji, NVMe na biyu na aikin da ke hannu da kash ɗin Premiere ko DaVinci Resolve, sai manyan had disk biyu na CMR masu 7200 a madubin juna don ɗanyen hoto da ayyukan da aka gama. 4K a ProRes 422 HQ yana cin kusan 400GB a awa ɗaya ta hoto, wajen 110MB a daƙiƙa, kenan disk ɗaya zai iya kunna layi ɗaya lafiya, amma ka jera kyamara uku ta biki a malti-kam sai allura ta rasa wanda za ta bi, hoto ya fara tsalle. A nan ko ka kwafo aikin kan SSD ko ka yi furoksi, wato ƙaramin kwafi mara nauyi na editin. In kuma ta NAS kuke aiki ku uku ko huɗu, ku sani wayar netwok ta gigabit ɗaya a wajen 110MB take tsayawa, disk guda ma ya fi ta sauri, don haka kafin ku ƙara kuɗi a disk ku fara kai netwok ɗin 2.5G ko 10G.

Zafin garinmu da ɗauke wuta fa?

Takardar kamfani tana cewa digiri 5 zuwa 60, amma wannan iyakar bango ce, ni ina so in ga disk ƙasa da 45. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu ɗakin da ba AC yana haura 40, disk ɗin da iska ba ta ratsa shi kuma yakan ɗara ɗakin da digiri goma ko fiye, lissafa ka gani. Fanka a gaban disk kai tsaye, a bar ɗan tsakani in akwatin tebur ne. Lokacin hunturu ƙura ba ta shiga cikin faifan amma tana toshe ragar gaba, ka cire murfin saba ka ga yadda take yin kamar bargo a bakin kwandunan, a riƙa hurewa da bulowa bayan an kashe ta.

Wuta kuwa, kowane disk 3.5 yana shan wat 6 zuwa 10 in yana aiki, amma lokacin tashi yana iya fizgar kusan amfiya 2 a layin 12V, guda takwas su tashi tare sun doshi wat 200 na ɗan lokaci, ƙaramin fawa fak sai ya durƙusa, katunan saba suna da saitin tayar da su ɗaya bayan ɗaya. UPS dole ne ko da kana da inbata da sola, saboda ɗan gibin nan na canji daga NEPA zuwa janareto, kuma ka nemi mai tsaftatacciyar wuta, fiyo sain web, sannan ka jona kebul ɗinsa na USB don sabar ta kashe kanta in batir ya kusa ƙarewa. A tsohuwar saba kuma ka duba batirin katin RAID, in ya mutu katin yana daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa sai komai ya yi nauyi, mutum ya yi ta zargin disk alhali batir ne.

Daga Legas za a turo min ta mota, akwai matsala?

Akwai in ba ka yi magana ba, don za a iya cusa disk huɗu a baƙar leda a naɗe da salatef a jefa but tare da kayan gyaran mota. Ka ce kowanne a saka shi a ledarsa mai hana lantarki, a naɗe da soso ko ledar kumfa ta kowane gefe kaurin yatsa biyu, kar ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a sa a kwali mai tauri da ba abin da ke motsi in an girgiza. Ka sa a turo maka hoton sitika da na CrystalDiskInfo kafin a rufe kwalin, in ya iso ka gwada siriyal da na hoton, kuma ku yi yarjejeniya kwanakin gwaji daga ranar da ka karɓa a tasha za su fara ƙirguwa.